Gwajin Tsani: Yadda Harsashi Goma Ke Yaudarar Mai Neman Saiti

Idan ka je filin koyon harbi a Amurka ranar Asabar da safe, da wuya ka rasa wani bawan Allah zaune a benci, ya jera harsasai goma ko goma sha biyar a ɗan akwati, kowanne da lamba a jikinsa. Shi ya ɗura su da hannunsa a gida. Zai harba ɗaya, ya leƙa madubin hangen nesa, ya yi rubutu a littafi, ya jira bututun bindigar ya huce, sannan ya ɗauki na gaba. Abin da yake yi shi ake kira gwajin tsani, kuma in ka tambaye shi zai ce maka kimiyya yake yi.

A can ɗurin harsashi a gida sha'awa ce da doka ta yarda da ita, kuma mutane da yawa na yi, musamman 'yan gasar harbin nesa da mafarauta. A Najeriya kuwa ko mallakar harsashi sai da lasisi, saboda haka ba koyar da ɗuri ya kawo mu ba. Abin da ya ja hankalinmu shi ne tsarin gwajin kansa. Mutane ne masu ƙwazo, suna da ma'auni mai kyau, suna rubuta komai, amma duk da haka yawancin sakamakon da suke murna da shi dace ne kawai. Kuma kuskuren nasu shi ne wanda muke gani a teburin bincike kullum.

Mene ne gwajin tsani?

Harsashi abu huɗu ne a haɗe: kwanso, albarushi, kan harsashi da ke fita ya tafi, da furaima, wato ɗan maɓallin da ke gindin kwanso mai kunna albarushin. Mai ɗuri zai iya sauya kowanne, amma wanda ya fi sauƙin wasa da shi shi ne nauyin albarushi. Ana auna shi da giren, kuma giren ɗaya giram 0.0648 ne. Ƙanƙantarsa ta kai sai ka tara 7,000 kafin ka sami laba ɗaya.

Galibi ana danganta gwajin da Creighton Audette, wani Ba'amurke maƙerin bindiga kuma ɗan gasar harbi. Tsarinsa mai sauƙi ne. Ka ɗura harsasai, kowanne ya ɗara na bayansa da ɗan albarushi kaɗan, kamar giren 0.2 ko 0.3. Ka harba su ɗaya bayan ɗaya kan takarda guda daga nesa, yawanci yadi 300 ko fiye, kana saita wuri ɗaya. Tun da ƙarin albarushi na ƙara gudu, hujin zai riƙa hawa sama kamar matakalar tsani. Sai ka nemi inda huji uku ko huɗu masu bin juna suka cunkushe a tsayi ɗaya. Wannan wurin suke kira gaɓa, kamar dai gaɓar rake. A ganinsu, in ka zaɓi nauyin da ke tsakiyar gaɓar, ɗan kuskuren awo ko sauyin zafin rana ba zai gusar da harbinka ba.

Daga baya gwajin ya haifi 'ya'ya. Dan Newberry ya fito da nasa, wanda aka fi sani da OCW: harbi uku ga kowane nauyi, a yadi 100, ana zagayawa bi da bi maimakon a gama da nauyi ɗaya kafin a koma wani. Da na'urar auna gudun harsashi ta yi araha, sai hanyar da ake jingina wa Scott Satterlee ta bazu: harsashi goma kacal, ba ruwanka da takarda, gudun kawai za ka duba. Inda ka ƙara albarushi amma gudu bai ƙaru ba, wai nan ne gaɓar.

Inda suke da gaskiya

Kafin mu soki abin, bari mu ba shi haƙƙinsa, don akwai kimiyyar gaske a ƙarƙashinsa. Bututun bindiga yana karkarwa idan an harba. Tun a 1901 Arnulph Mallock ya wallafa bincike kan wannan karkarwar a mujallar Royal Society ta Landan. Kan harsashi yana yin wajen kashi ɗaya zuwa ɗaya da rabi cikin dubu na daƙiƙa a cikin bututu, kuma a wannan ɗan lokacin bakin bindigar yana motsi. To, in ya kasance bakin yana ɗagawa sama a lokacin fita, harsashi mai sanyin gudu, da yake ya makara, zai fita bakin ya ƙara ɗagawa kaɗan. Wannan ɗagawar sai ta rama masa faɗuwar da rashin gudunsa zai jawo. Mai sauri da mai nawa sai su haɗu a wuri ɗaya a wani nisa. 'Yan gasar Bisley a Ingila sun daɗe suna faɗin haka game da bindigar Lee-Enfield a harbin nesa.

Ke nan tunanin Audette ba shirme ba ne. Tambayar ita ce ko harbi ɗaya a kowace matakala zai iya nuna maka wannan abin. Nan ne gizo ke saƙar.

Mu yi lissafi tare

Ɗauki gwajin gudu mai harsashi goma. Lambobin da za mu yi amfani da su misali ne, amma sun yi daidai da abin da ake gani a matsakaicin harsashin bindigar nesa. A ce kowace matakala tana ƙara gudun ƙafa 12 a daƙiƙa. A ce kuma mai ɗurin gwani ne, ta yadda ko da nauyi iri ɗaya ya zuba, ma'aunin warwatsuwar gudunsa ƙafa 10 ne a daƙiƙa. Wannan warwatsuwar ba ta da makawa: kwanso ya ɗan bambanta da ɗan'uwansa, furaima ma haka, ƙonewar albarushi ma haka.

Yanzu mu ƙaddara cewa babu wata gaɓa ko kaɗan, gudun yana hawa ne a miƙe kamar zare. Bambancin harbi biyu masu maƙwabtaka zai zama ƙafa 12 a matsakaici, amma warwatsuwarsa wajen 14 ce, domin kowanne cikin biyun ya zo da tasa. Ka ga warwatsuwar ta fi matakalar kanta girma. In ka lissafa, yiwuwar bambancin ya tsaya a ƙafa 4 ko ƙasa da haka, har ma ya koma baya, ta kai kusan kashi 29 cikin 100. Tsakanin harsashi goma akwai giɓi tara. Yiwuwar ka ga aƙalla wuri ɗaya da gudu ya yi kamar ya tsaya ta haura tara cikin goma.

Ma'ana, a bindigar da mu da kanmu muka ƙaddara ba ta da gaɓa, gwajin zai nuna maka gaɓa kusan kullum. Gwajin da ba ya iya cewa babu, to in ya ce akwai, me ya gaya maka?

Na takarda ma bai tsira ba. A yadi 300, harsashi mai gudun ƙafa 2,800 a daƙiƙa yana ɗaukar ɗan fiye da sulusin daƙiƙa kafin ya isa. Ƙarin gudun ƙafa 12 zai rage faɗuwarsa da kimanin rabin santimita. Bindiga mai kyau sosai kuwa, irin wadda mai ita ke alfahari da ita, a wannan nisan kowane harbinta yana kauce wa tsakiya sama ko ƙasa da fiye da santimita ɗaya, ko da harsasan tagwaye ne. Ƙara da iska, da rawar da zafi ke sa hoton madubi ya yi, da numfashin maharbin. Matakala rabin santimita, kaucewa fiye da ninki biyu. Dole wasu hujin su cunkushe, wasu su ware, ba don komai ba sai katari.

Huji uku ba shaida ba ne

Wani zai ce, ai shi ya sa muke harba uku ko biyar a kowane nauyi. Madalla, ya fi ɗaya. Amma an daɗe da yin wannan lissafin. Frank Grubbs, masanin ƙididdiga da ya yi aiki a ɗakin binciken harsasai na sojan Amurka, ya fitar da ɗan littafi a 1964 kan yadda ake auna daidaiton harbi. Abin da maharba suka fi so su auna shi ne tazarar huji biyu mafi nisa da juna a cikin rukuni. Matsalar wannan awon ita ce huji biyu kawai yake kallo, ya watsar da sauran, kuma yana girma da yawan harbi. A bindiga ɗaya da harsashi ɗaya, rukunin harbi goma a matsakaici ya fi na harbi uku faɗi da fiye da rabi.

Sannan yana tsalle-tsalle. Girman rukunin harbi uku yana sauyawa da wajen kashi 37 cikin 100 daga wannan rukuni zuwa wancan, ba tare da an taɓa komai ba. Na harbi biyar wajen kashi 27, na goma wajen kashi 19. Saboda haka in ka harba rukuni goma masu harbi uku-uku da harsashi iri ɗaya sak, mafi ƙanƙantarsu zai zo kusan rabin matsakaicin girman. Mai gwaji da ya sauya nauyi a kowane rukuni zai ɗaga wannan takardar ya ce ya samo sirrin bindigarsa.

Haka ma'aunin warwatsuwar gudu. In ka auna harbi biyar ka sami 10, iyakokin da ƙididdiga ke ba ka a matakin kashi 95 cikin 100 daga 6 ne zuwa kusan 29. Da harbi talatin ne suke matsewa su koma tsakanin 8 da 13. To wanda ya ce wannan nauyin ya ba shi 7, wancan ya ba shi 12, da harbi biyar-biyar, bai nuna bambanci ba tukuna.

Akwai tsohon barkwanci da masu ƙididdiga ke yi, na maharbin Texas da ya buɗe wa bangon rumbu wuta, sannan ya je ya zana da'ira inda hujin suka fi taruwa, ya ce shi gwani ne. Gwajin tsani ya yi kama da wannan ƙwarai: sai an ga sakamako ake yanke inda gaɓar take. Mako na gaba kuma, in an sake harba zaɓaɓɓen nauyin, sai rukunin ya buɗe. Wannan shi ne komawa ga matsakaici da Francis Galton ya bayyana a 1886: duk abin da ka zaɓa don ya yi fice, sa'a na da kaso a ficen, kuma sa'ar ba za ta biyo shi zagaye na biyu ba. Amma mai ɗurin ba zai zargi gwajin ba. Zai ce zafin rana ya gusar da gaɓar, ko bututu ya yi datti, ko shi ne hannunsa ya motsa. Kowane saɓani yana da uzurinsa a ajiye.

Da aka maimaita, me aka gani?

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Hanyar gwada gwajin a fili take: ka yi tsanin sau da yawa da bindiga ɗaya, ka ga ko gaɓar za ta dawo wuri ɗaya. Bryan Litz, injiniyan da ya kafa Applied Ballistics, ya yi irin wannan a kundi na uku na littafinsa Modern Advancements in Long Range Shooting, wanda ya fito a 2022. Wuraren da gudu ke tsayawa ba su maimaita kansu ba. In aka haɗa tsani da yawa aka ɗauki matsakaici, layin sai ya miƙe.

A shekarar dai, injiniyoyin kamfanin Hornady, Jayden Quinlan da Miles Neville, suka tayar da ƙura a shirin sauti na kamfanin. Sun yi bayanin gwaje-gwajen da suka yi da harbi talatin zuwa hamsin a kowane haɗi, kuma abin da suka gani shi ne bambancin da ke tsakanin nauyi da nauyi yana narkewa idan harbi ya yi yawa. Abin da ya rage ɗan karkata ne: nauyin da ya fi ƙasa yakan ɗan fi taruwa. Babban bambanci sun gan shi ne wajen sauya irin albarushi ko irin kan harsashi.

Masu kare tsani suna da amsa, kuma ya kamata a saurare ta. Sukan ce kamfanin da ke sayar da kayan ɗuri dole ya ce a ƙara harbi. Sukan ce bututun gwaji mai kauri da aka ɗaure a inji ba ya karkarwa kamar bindigar da ke kafaɗar mutum. Sukan kuma ce, duba zakarun gasar harbin benci, duk suna neman gaɓa kuma suna ci.

Ta farko ba ta taɓa lissafin ba, domin lissafin Grubbs ya girmi wannan rigimar da shekara kusan sittin, kuma kowa zai iya maimaita shi a kwamfutarsa. Ta biyu tana da nauyi, mun yarda. Mai yiwuwa ne a wata bindiga mai siririn bututu a sami tasiri na gaske. Ta uku kuwa rabinta gaskiya ce: bindigar gasar benci warwatsuwarta ƙanƙanuwa ce ƙwarai, don haka ɗan bambanci ya fi saurin bayyana a wurinsu. Sai dai zakaran yana da bututu na musamman, da kan harsashi zaɓaɓɓe, da shekaru na karanta iska. Wanda ya zo na ƙarshe a gasar shi ma ya nemi gaɓa. In kowa na yin abu, cin da wasu suka yi ba ya nuna abin ne ya ba su.

Nawa ne kuɗin sani?

Ga inda abin yake da ciwo. In ka bar awon huji biyu ka koma auna nisan kowane huji daga tsakiyar rukuni, ka yi amfani da duk bayanan da ka saya. Ko da hakan, don ka fara rarrabe haɗi biyu da ɗaya ya fi ɗaya taruwa da kashi 30 cikin 100, kana buƙatar wajen harbi 30 a kowane ɓangare. In bambancin kashi 10 ne, sai wajen 200 a kowane ɓangare. Tsani mai matakala goma ke nan harbi 2,000. Bututun harsashi irin 6.5 Creedmoor, wanda Hornady ya fito da shi a 2007, 'yan gasa kan canza shi bayan harbi dubu biyu zuwa uku. Kafin ka tabbatar da gaɓar, bututun da kake nema wa ita ya mutu.

Wannan ya nuna cewa bambancin da ya isa a damu da shi ba ya buƙatar tsani, wanda ke buƙatar tsani kuwa ya yi ƙanƙantar da ba za a iya kama shi da kuɗin da ya dace ba.

Asarar ba ta tsaya a aljihu ba, ko da yake a 2020 da 2021, lokacin da furaima ta yi wuyar samu a Amurka, kowane harbi ya zama abin lissafi. Akwai batun lafiya. Masu ɗuri suna son gudu, don haka in tsani ya nuna gaɓa biyu, hannu ya fi miƙewa ga ta sama. Ƙungiyar SAAMI ta Amurka ta sa iyakar matsin harsashi irin .308 Winchester da 6.5 Creedmoor a laba 62,000 kan kowane inci murabba'i. Mai ɗuri a gida ba shi da na'urar auna matsi, alamun da yake dubawa a jikin kwanso kuwa sau da yawa ba sa fitowa sai an riga an ƙetare iyaka. Mutumin da gaɓar ƙarya ta ja shi sama da abin da littafin ɗuri ya ƙayyade, fuskarsa ya sa a caca saboda dace. Akwai kuma mafarauci da ya yarda da takardar huji uku, ya harbi dabba a nisan da ya fi ƙarfin bindigarsa, ya bar ta da rauni a daji.

Abin da ya rage na amfani

Ba duka za a zubar ba. Fara daga ƙasa a hau a hankali, cikin iyakar littafin ɗuri, hanya ce ta kiyaye kai, kuma a nan tsani yana da gurbi. Harbi goman nan kuma, in ka daina kallon giɓi ɗaya-ɗaya ka ja layi ɗaya ta cikinsu, za su gaya maka gudun da kowane giren ke ƙarawa, domin a nan duka goman suna amsa tambaya guda. Zagayen da Newberry ya kawo shi ma tunani ne mai kyau: yana raba zafin bututu da sauyin iska ga kowane nauyi daidai, irin dabarar da Ronald Fisher ya shimfiɗa wa gwajin gona a Rothamsted tun shekarun 1920.

Wanda ya dage yana da gaɓa, akwai gwajin da zai kashe gardama. Ya rubuta nauyin gaɓar, da nauyin da tsanin ya ce ya fi muni, tun kafin ya sake harbi. Ya ɗura talatin-talatin. Abokinsa ya ɓoye lambobin ya riƙa miƙo masa a cakuɗe. Ya lissafa kowane huji, har wanda yake so ya ce hannunsa ne ya motsa. In gaɓar ta ci, ya sami hujjar da za ta tsaya gaban kowa. In ba ta ci ba, ya huta da neman abin da babu.

Mu ma fa ba mu tsira ba

Kada mu yi wa mutumin benci dariya da yawa. A 1971 Amos Tversky da Daniel Kahneman sun nuna cewa hatta ƙwararrun masu bincike suna yarda da ƙaramin samfuri fiye da kima. A 2015 kuma, da gungun masana suka maimaita bincike 100 na ilimin halayyar ɗan Adam, 97 daga cikinsu sun ba da sakamako mai ƙarfi a karon farko, amma kashi 36 cikin 100 ne kawai suka sake bayarwa. Ɗalibin da ya gwada taki mataki takwas, kowane mataki a fuloti ɗaya, ya zaɓi wanda dawarsa ta fi tsayi ya sa a babin ƙarshe, gwajin tsani ya yi. Wanda ya gwada ruwan ganye a faranti uku ya ce ya sami ma'aunin da ya fi kashe ƙwayar cuta, shi ma haka.

Kafin ka yi murna da wani tudu ko kwari a jadawalinka, yi abin da muka yi a sama. Ƙaddara cewa babu komai a wurin, ka sa warwatsuwar awonka, ka bar kwamfuta ta zana maka jadawalin sau dubu. In irin tudun naka yana fitowa a tara cikin goma, ka koma fili ka ƙaro samfuri.